Motar da Kawu Virgil Ya Ce Ba Za a Huda Ba

Kawu Virgil Tolbert yayan mamata ne. A nan garin Flint duk wanda ke da tsohuwar mota mai ƙaton inji ya san shi, kuma rabinsu tsoronsa suke ji. Shi ne mai madubi. Wani ɗan madubi ne a bakin sanda, kamar na likitan haƙori amma ya fi shi girma. Duk shekara, ranar da ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ke fita yawon motoci a babban titi, tun da safe ake jera motocin a filin coci, Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da madubin nan da tocila. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya sa a buɗe bonet, ya ɗaga kafet. Abu ɗaya yake nema, huda. Hudar da ba daga kamfani ta zo ba.

Dokarsu ke nan, kuma shi da bakinsa ya kawo ta. Motocin kashi biyu ne. Akwai 'yan asali, su ake manna wa farar sitika a gilashi, su ke shiga gaba. Akwai 'yan kwaskwarima, waɗanda aka sauya wa inji ko birki, ko aka yanke nan aka liƙa can, su ke bin baya suna shaƙar hayaƙi. Kana iya kwance abu ka ɗaura wani, in dai a ramin notin da ka tarar ne kuma ka adana tsohon. Amma ka kafa injin huda a ƙarfen motar, ko da ramin bai fi ƙwayar wake ba, to ta bar sahun gaba ke nan har abada.

A Mississippi aka haife shi. Yana ƙarami babansu ya kwaso su zuwa nan saboda aikin kamfanin mota. Shi ma da ya tasa can ya shiga, ƙofofi yake ɗaurawa a layin haɗa motoci har ya yi ritaya. Shi ya sa har yau ba ya iya wuce mota bai bi gefen ƙofarta da ɗan yatsa ba, ya ji ko ta zauna daidai. Firij ɗin gidanmu ma sai da ya gyara wa ƙofa, ba wanda ya sa shi. Tasa motar Buick ce ƙirar 1970, koriya mai duhu, giya huɗu ta hannu. Ya saye ta lokacin da fetur ya yi tsada, kowa yana neman kai da irin waɗannan masu shan mai. Sunanta Bernadine. Kar ku tambaye ni dalili, Anti Odessa matarsa ma ta tambaya har ta gaji. Ita dai ta ce ranar da ya fara zuwa ɗaukarta, sai da ya sa ta kakkaɓe takalmi kafin ta shiga, kuma ta rasa me ya hana ta komawa gida a lokacin.

Allah bai ba su haihuwa ba, ni kuma mamata kullum tana asibiti wurin aiki, don haka a garejin nan na girma. Ina 'yar mitsitsiya na san ba a dafa fentin Bernadine, ba a cin komai a cikinta, ba a buga ƙofarta. Akwai wani rubutu da rawayan alli a bangon ƙarfen da ya raba inji da ƙafar direba, wani ma'aikaci ya yi shi a layi ranar da aka haɗa ta, lamba ce da wata alama kamar sawun kaza. In Kawu zai wanke inji sai ya rufe rubutun da leda ya liƙe da salatif. Duk abin da ya taɓa fita daga jikin motar kuwa, fulogi ne, bel ne, ko mataccen ƙwan fitila, yana kan kanta a cikin leda da sunansa a rubuce. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan ai bola ce." Na daɗe ban sha askirim a gidan ba.

In kuna son sanin halinsa ku tambayi Mista Dombek. Abokinsa ne tun zamanin kamfani, shi gilashi yake sawa a layin. Wata shekara Mista Dombek ya huda bayan kujerar motarsa ya ɗaura bel, don jikanyarsa ta riƙa zama a ɗaure. Har ya rufe wurin da kafet. Kawu ya ɗaga kafet ɗin, ya haska, ya miƙe, ya je ya ɓare farar sitikar a gaban kowa. Abokinsa fa. Kuma har yau duk Juma'a Mista Dombek yana zuwa cin soyayyen kifin Anti Odessa, su zauna suna yi wa juna baƙar magana.

To, a sanyin da ya wuce ciwon suga ya ci ƙafar Kawu ta hagu. Daga ɗan ƙurji a yatsa sai ga shi an yanke ƙasa da gwiwa. Da ya farfaɗo ina tsaye, Anti tana riƙe da hannunsa, abin da ya fara cewa shi ne, "Ta hagu ce, Odessa. Ta kuloci." Anti ta saki hannun.

Aka yi masa ƙafar roba. Ya koyi tafiya da ita da wuri, har matar da ke koya masa tana yabonsa, ba ta san abin da yake hari ba. Ni na sani. Ba a fitowa da irin su Bernadine sai ƙanƙara ta narke ruwan sama ya wanke gishirin da ake zuba wa titi saboda ita, don yana cin ƙarfe, saboda haka duk sanyin tana gareji, shi kuma kullum yana cikinta a zaune, inji a kashe, yana taka kuloci yana saki. Kulocin motocin wancan zamani kuwa ba wasa ba ne, ni da lafiyayyar ƙafata in na taka sai cinyata ta yi rawa. Na laɓe a bakin ƙofa ina kallonsa. Ya taka, ya taka, sai ƙafar ta zame, fedar ta dawo fau. Ba ya jin inda ƙafar take, roba ce. Sai ya sunkuya ya duba da ido, ya ɗauke ta da hannu ya mayar.

Tun daga ranar abinci ya daina yi min daɗi. Na san yadda titin yake zama ranar yawon. Mutane a kan kujerun roba har bakin kwalta, yara a zaune a dakalin titi sun miƙo ƙafafu suna lasar alawa, motoci suna tafiya kamar ana tura su, a matsa a tsaya, a matsa a tsaya, wuni guda ƙafarka tana kan kuloci. In ƙafar ta zame a nan, Bernadine ba mutuwa za ta yi ba, zabura za ta yi. Ina cikin cire tayar mutane a shagon da nake aiki sai in ga abin a idona, in rasa inda na ajiye noti. Na ɗauke masa makulli, ashe yana da wani a cikin gwangwanin kofi. Na zare wata waya a inji, ya buɗe bonet ya kalla sau ɗaya ya ce in dawo da ita kafin ya ƙirga yatsunsa.

A shagon na ga mafita. Akwai wani tsohon soja mai zuwa canjin baƙin mai, shi ma ba ƙafar hagu, amma motarsa mai giyar hannu ce. Na leƙa na ga ɗan mariƙi kamar birkin keke a jikin sandar giya. Ka matse, wata 'yar na'ura a wajen inji ta ja waya, wayar ta ja fedar kuloci ƙasa. Ya gaya min inda ake sayarwa. Na bari Kawu yana barcin rana, na kwanta ƙarƙashin sitiyarin Bernadine da tocila ina neman ramin da wayar za ta bi. Duk ramukan kamfani na duba, ko ɗaya bai yi saiti da fedar ba. Dole a huda. Rami ɗaya, faɗin murfin kwalbar lemo. Kuma wurin da ya yi saiti, ƙasa kaɗan yake da rawayan allin nan.

Ranar Juma'a na kawo maganar a teburin cin kifi. Ni ban iya kewaye-kewaye ba.

"Kawu, rami ɗaya za a yi wa Bernadine, ka riƙa tuƙa ta da hannu."

Mista Dombek ya ajiye cokali ya gyara zama, kamar wanda aka kunna wa talabijin.

Kawu bai ɗago ba. "Miƙo min barkono, Nita."

"Ka ji ni sarai."

"Na ji wata mai facin taya tana surutu. Barkono."

"Ƙafarka zamewa take yi, na gani da idona."

"Takalmin ne, santsi gare shi."

"Virgil, ai huda ba komai ba ce," in ji Mista Dombek yana cire ƙaya. "Ni da na yi tawa ga ni ban mutu ba. Akwai wuri a sahun baya kusa da ni. Hayaƙin ma in ka saba sai ka ji shi kamar turare."

"Kai ci kifinka, ɗan kwaskwarima, tunda kyauta ne."

Anti ta ce, "Ko ka bar yarinyar ta tuƙa, ka zauna a gefe kana ɗaga wa mata hannu."

Nan ya ɗago. "In zauna a gefe a motata? Kamar kaya?" Ya juyo kaina. "Nita, motar nan shekara hamsin da ɗoriya ba wanda ya rage mata ko ƙwayar ƙarfe. Ba ni zan fara ba. Irinta da ba a taɓa ba sun kusa ƙarewa, kuma ba a ƙara yin wasu."

"To in ka take ɗan mutane fa? Shi ana yin wani ko?"

"Renita," in ji Anti. In ta kira cikakken sunana to bakina ya yi tsawo.

Kawu ya goge baki, ya ɗauki sandarsa ya tafi gareji. Ko burodin masararsa bai taɓa ba.

Ruwan sama ya sauka, gishiri ya wanke, mutane suka fara fito da motocinsu. Wata Asabar na biyo ta gidan daga aiki, tun daga bakin titi na ji ƙarar injin huda a gareji. Wani daɗi ya kama ni, na ce tsoho ya haƙura. Na ruga.

Bernadine tana nan lulluɓe da mayafinta. Kawu yana kan kujera, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe. Ƙafar robar kuwa ya matse ta a ƙarfen matsi na kan tebur, tafinta yana kallon sama. Ita yake hudawa.

"Kawu, me kake yi?"

"Rufe ƙofa, iska tana shigowa."

Ya huda takalmin, ya huda tafin ƙafar, ya ɗaura wani lanƙwasasshen ƙarfe da noti, yadda ƙarfen zai rungumi fedar kuloci sama da ƙasa. Har ya naɗe bakin ƙarfen da ƙyalle don kada ya goge robar fedar.

"Ƙafarka fa ka huda."

"Ita ai bana aka yi ta. Akwai irinta cike da sito."

"Likita ta sani?"

"Likita ta san kuloci?"

Ya ji daɗin kansa ƙwarai, har da fito. Na ce zan gaya wa Anti, ya ce in gaya wa gwamna ma. Na same ta a kicin na faɗa mata. Ta rufe tukunya ta ce, "Gobe bayan coci zai gwada, ya riga ya faɗa. Ki zo. Ko ba ki zo ba gwadawa zai yi."

Lahadi rana ta fito sosai. Ya tako daga kicin yana ɗingishi, ƙarfen yana ƙwas ƙwas a siminti. Ya shiga da rigar cocinsa, ya sunkuya ya saƙala ƙarfen a feda. Ni ina tsaye gefen ƙofarsa. Anti tana can inda hanyar gareji ta lanƙwasa wajen shinge, a durƙushe tana dasa tumatir a bokitai, ta ce ita ba za ta tsaya kallon shirme ba. Na ce ta matsa daga nan, ta ce ai a gefe take, kuma gidanta ne.

Ya tayar da inji. Ƙarar ta cika unguwa, tagar gareji tana rawa. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin asibiti. Ya taka kuloci ya sa ribas. Ƙarfen ya riƙe, bai zame ba. Ya dube ni ya ɗaga gira. Ya fara ɗago ƙafa a hankali, motar ta silalo, ta fito rabi. Sai ya so ya sake takawa ya tsaya.

Abin da bai lissafa ba shi ne gumi. Ƙafar tana maƙale a feda ba ta iya juyawa, dungulmin kuma ya jiƙe, da ya danna sai ya sulɓe ya fita daga cikin robar. Fedar ta dawo sama da ƙafar a jikinta, ita kaɗai, kamar tana harbin iska. Bernadine ta zabura da baya.

Ban san ko na yi ihu ba. Tayoyi suka yi ƙara, bayan motar ya nufi shinge, ya taka birki da ta dama, inji ya mutu. Abu na ƙarshe da na ji shi ne ƙarar roba tana fashewa.

Bokitin tumatir ne a ƙarƙashin taya, ya baje, ƙasa ko'ina. Wanda ɗazu Anti take durƙushe a gabansa. Ita kuwa tana tsaye kusa da wurin da butar ban ruwa a hannu, dawowarta ke nan daga famfo. Ruwan yana ta zuba a kan takalmin cocinta ba ta sani ba.

Na zauna a kan siminti. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon cikin garejin da ba kowa.

Anti ta ajiye butar. Ta zo ta buɗe ƙofarsa, ta sunkuya, ta yi ta kokawa da ƙarfen har ta ciro ƙafar daga feda. Ta saka ta a hammata.

"Virgil Tolbert," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ƙafar nan tana wurina. In kana sonta ka san abin da za ka yi."

Ta buga ƙofar Bernadine da ƙarfi ta shige gida. Ni na kawo masa keken guragu, ni na mayar da motar gareji. Ranar na fara tuƙa ta a rayuwata, kuma ko kallona bai yi ba.

Na ɗauka hankalina zai kwanta tunda ba zai tuƙa ba. Ashe wani tsoron ne zai shigo. Kawu ya daina zuwa gareji. Yana zaune gaban taga, ba aski, abinci sai Anti ta yi da gaske, ga mutum mai ciwon suga da allura. Ƙafar tana saman firij inda ba zai kai ba, ko tambayarta bai yi ba. Ya kira Mista Dombek ya ba shi madubi da tocila, ya ce bana shi zai duba motoci. Da na ga madubin ya fita daga gidan na shiga banɗaki na yi kuka. Mamata ta ce ta sha ganin irinsu a asibiti, tsoho in ya ajiye abin da ke tashinsa da safe ba ya daɗewa. Ban san me ya sa za ta gaya min haka ba. Kullum daga aiki sai na biya, in tsaya a bakin ƙofa in kasa kunne ko zan ji tarinsa kafin in shiga.

Ana gab da ranar yawon, wata Juma'a, kifi yana gaban Kawu yana hucewa. Mista Dombek ya yi tsokana har ya gaji. Can sai Kawu ya ce, bai dubi kowa ba, "Da ruwan butar bai ƙare ba fa?"

"Da yanzu kifin Nita kake ci," in ji Anti. "Da ka gane kurenka."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya juya faranti.

"Dombek. Ranar da ka huda taka, hannunka ya yi rawa?"

Mista Dombek ya daina tauna. "Rawa? Amai na yi a bayan gareji. In ɗauki injin in ajiye, in ɗauka in ajiye."

"Sannan?"

"Sannan na huda. Yarinyar ta zauna a baya tana waƙa har muka dawo. Yanzu ta girma, ko launin motar ba ta tunawa."

Kawu ya daɗe yana tona kifinsa. "Ramukan naka a karkace suke."

"Na sani. Kai ka gaya wa duk garin."

"Nita, abin nan na hannu, ina ake samunsa?"

"Yana but ɗin motata tun watan jiya."

Ya ƙura min ido. "Fitsararriya," ya ce. Ya fara cin kifin.

Washegari da safe Anti ta sauko da ƙafar daga saman firij, ta sa na kwance ƙarfen nan na jefa a bola tana kallo. Injin huda kuwa Kawu ya hana ni taɓawa, ya ce mai facin taya ba za ta huda Bernadine ba. Ya shimfiɗa bargo a gefen motar ya jingina. Ya rufe allin da leda da salatif, ya auna, ya goge, ya sake aunawa. Ya ba ni mayen ƙarfe in riƙe a ƙasa in tare garin da zai zubo. Ya kafa injin. Ina tsoron bakin injin ya goce ya ci allin, daga nan kuma na san shi ke nan, ya koma gaban taga. Na buɗe baki.

"In kika yi magana na fasa."

Na rufe.

Bai ɗauki lokaci ba. Ƙarfen da muka yi wata da watanni muna faɗa a kansa, kafin in haɗiye yawu ya faɗo, ɗan zagayayye da zafinsa. Kawu ya ɗauke shi da filaya, ya hura, ya juya shi yana kallo. Ya shafa wa bakin ramin fenti saboda tsatsa. Sannan ya ce in ba shi leda. Ya saka, ya rubuta a jiki, ya ɗora a kan kanta kusa da tsofaffin fulogai. Bai yi amai ba.

Muka ɗaura na'urar, muka riƙa zuwa filin wata makaranta da aka rufe yana gwaji, inda ba kowa sai ciyawa. Hannun ya iya. Matsalar ƙafar ce. Shekara da shekaru ta saba, da ya zo tsayawa sai gwiwar hagun ta ɗaga da kanta ta nufi feda. In takalmin ya shiga ƙarƙashin fedar lokacin da wayar ke ja, kulocin ba zai sauka ba, motar za ta ci gaba da tafiya. Na gaya masa, ya ce ya sani. Na ce mu ɗaure gwiwar da bel a jikin kujera, ya ce shi ba akuya ba ne.

Ranar yawon, a filin coci, ya je ya tsaya a sahun gaba inda ya saba, farar sitika tana gilashi. Mutane suka taru, don labari ya riga ya zaga. Mista Dombek ya zo da madubi, yana nishi yana durƙusawa. Ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe bonet, ya haska nan ya haska can, ya tsallake wurin.

"Ni dai idona ya tsufa," ya ce. "Ban ga komai ba."

Kawu ya ce, "Ƙasa da allin, makaho. Ga waya nan ta fito kamar wutsiya."

"Virgil."

"Yi aikinka ko ka ba ni madubina."

Mista Dombek ya haska. Ya daɗe a sunkuye. "Huda ce," ya ce. "Kuma a miƙe take, ɗan banza." Ya sa farce ya ɓare sitikar a hankali don kada ta yage, ya miƙa masa. Kawu ya ba ni ya ce in sa a leda.

Muka koma can baya, bayan wasu samari masu jar mota da aka ɗaga wa gindi aka cika da lasifikoki. Anti ta ƙi shiga. Ta ce ita a kujerarta za ta zauna, nesa da kwalta, kuma ta riga ta gaya wa matan coci su ja 'ya'yansu baya in sun hango koriyar mota.

Na zauna a gefensa. Titin yana nan yadda na yi ta ganinsa a raina, kujeru, hayaƙin gashin nama, yara da ƙafafunsu a kwalta. Ban kalli mota ko ɗaya ba, ban ga wanda ya ɗaga mana hannu ba, gwiwarsa ta hagu kawai nake kallo. A matsa, a tsaya. Ya matse, ya saki. Wajen gada samarin gabanmu suka taka birki ba zato don su yi wa wasu 'yan mata magana. Gwiwar ta ɗaga. Na gan ta. Ta ɗaga ta tsaya a iska, hannunsa ya matse, fedar ta sauka ta gogi gefen takalmin ta wuce. Bernadine ta tsaya tana gurnani. Gwiwar ta koma ta kwanta.

Gumi yana bin wuyan rigarsa. Bai dube ni ba. Ga sauran titi a gabanmu har inda ido ya ƙare, cike da mutane, kuma ta nan za mu dawo.

"Nita."

"Na'am, Kawu."

"Cire farcenki daga kujerar nan. Ta asali ce."